Takardun baban yara

Laraba, 29 ga Janairu, 2025

Da asuba maigida ya kunna rediyo, muka ji an tabbatar: daga yau Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, shekara guda bayan sun sanar da aniyarsu. Bai ce uffan ba. Ya shanye shayinsa, ya sa hula, har ya kai ƙofa sai ya dawo ɗaki ya buɗe akwatin ƙarfe ya duba fasfonsa, sannan ya kama hanyar kasuwar Mile 12. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya yi haka ba.

Mutumin Maraɗi ne. Ya zo Legas a 1999 yana saurayi mai dakon buhun albasa, yau yana da rumfarsa da yara huɗu a ƙarƙashinsa. A Agege aka ɗaura mana aure a 2005. 'Ya'yanmu biyar, duk a nan aka yanke musu cibiya. Ni haifaffiyar Agege ce, iyayena Katsinawa. A unguwa ba mai yi masa kallon baƙo, Yarbanci ma ya fi ni iyawa. Amma a takarda baƙo ne.

ECOWAS ta ce ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na waɗannan ƙasashe uku, mutanensu su shiga su zauna ba biza, har sai an sanar da wani abu daban. Wannan "har sai" ɗin ne ya hana ni sukuni. Ba na son zaman iyalina ya rataya a kansa. Don haka na sayi wannan littafi, zan riƙa rubuta duk inda muka sa ƙafa har mu ga ƙarshen maganar takardunsa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mun zazzage akwatin a kan tabarma. Ga abin da shekara ashirin da shida ta bari: fasfo biyu, ɗaya ya mutu, katin shaidar Nijar da ya sha ruwan ambaliya har hoton ya dishe, katin zama na ECOWAS da ya taɓa yi sau ɗaya, ya ƙare bai sabunta ba, rasit ɗin kuɗin rumfa ɗaure da kyauro, takardun haihuwar yara. Takardar aurenmu babu. Tasa ta haihuwa babu.

Muna cikin haka Baba maƙwabcinmu ya shigo gaisuwa. Shi mutumin Tawa ne, ya haura saba'in. Ya tsaya yana kallon takardun, ya ce, "'Yata, ki dage da wannan aiki." Ya ba mu labarin Janairun 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasa. Mutane suna tuna 'yan Ghana, waɗanda suka fi kowa yawa, amma 'yan Nijar ma sun tafi da yawa. Ya ce keken ɗinkinsa ya sayar a kuɗin da ba su kai na buhun gero ba, ya hau bayan tirela. Sai bayan shekara uku ya dawo Ikko, kamar yadda yake kiran Legas har yau. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Mun ga lauya a Ikeja. Ƙanwar shugabar makarantar da nake koyarwa ce ta haɗa mu. Na tafi da tabbacin cewa abin mai sauƙi ne: ni 'yar ƙasa ce, mijina ne, shekara ashirin muna tare.

Barista ta ɗauko kundin tsarin mulkin 1999 ta buɗe babi na uku, ta juyo mini da shi in karanta da idona.

Sashe na 25 na waɗanda suka samu ƙasa ta haihuwa ne. Abin da ban sani ba, haihuwa a Najeriya ita kaɗai ba ta mai da mutum ɗan ƙasa. Sai in uwa ko uba ko ɗaya daga cikin kakanni ɗan ƙasa ne. Yaranmu sun tsira ta wajena, alhamdulillahi. Amma nan take na tuna gidaje nawa na sani a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago inda uwa da uba duk daga ƙetaren iyaka suke, yaran ba su taɓa taka Nijar ba, suna zaton su 'yan ƙasa ne kamar kowa.

Sashe na 26 na rajista ne, hanya mafi gajarta. Na karanta, na sake karantawa. Macen da ta auri ɗan Najeriya ce aka ambata. Namijin da ya auri 'yar Najeriya ba ya ciki.

Na ce, "Barista, wato da ni ce 'yar Maraɗi shi ne Bakatsine, da tuni an wuce wurin?"

Ta ce, "Haka yake, Hajiya."

Ya rage sashe na 27, na wanda ya daɗe a ƙasa yake neman a karɓe shi. Ana so ya zauna shekara 15 a jere; ko kuma ya yi wata 12 a jere kafin ya nema, tare da zaman da in an haɗa ya kai shekara 15 cikin shekaru 20 da suka gabata. Ya kasance mai halin kirki, mai amfani ga ƙasa, da niyyar zama a nan, gwamnan jiharsa ya gamsu cewa mutanen wurin sun karɓe shi kuma ya saje da su, sannan ya yi rantsuwar biyayya. Shugaban ƙasa ne ke ba da takardar. Maigida ya ce shi ai ya ninka sha biyar saura kaɗan. Barista ta ce ba ta musa ba, amma fayil ba ya jin magana, takarda yake gani. Ina shaidar zama bisa ƙa'ida na shekarun da katinsa yake a mace?

Ta nuna mana ƙofa ta uku a sashe na 32, wanda ya ba shugaban ƙasa ikon ba wa miji ko matar ɗan ƙasa matsayi na musamman da cikakken izinin zama. Ba zai yi zaɓe da shi ba, ba zai riƙe fasfon Najeriya ba, amma ba mai tashinsa. Ta nan mazan da suka auri 'yan Najeriya suke bi, ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida.

A jirgin ƙasa daga Ikeja zuwa Agege ba mu yi magana ba. Da muka sauka ya ce, "Maman yara, kada ki sa abin nan a ranki." Na riga na sa.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya kama, aiki ya tsaya. Bayan tarawihi nake ɗan bincike a waya.

Ashe a ranar 1 ga Maris, 2022 Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'a kan gyaran kundin tsarin mulki, ciki har da wanda zai ba mijin 'yar Najeriya damar yin rajista, aka kayar da shi tare da sauran ƙudurorin da suka shafi mata. Mata suka yi kwanaki a ƙofar majalisa a Abuja. Na tuna na gansu a talabijin a lokacin, na ɗauka rigimar 'yan boko ce ta neman kujeru, ban san har da ɗakina a ciki ba.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai, Nijar ta gyara tata dokar tun 2014: mace tana iya ba mijinta ƙasa, kuma an yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Masu kare tsarinmu suna cewa in an buɗe wannan ƙofa baƙi za su riƙa auren 'yan mata don takarda. Na yarda ana iya samun haka. To amma auren takarda mace baƙuwa ma tana iya yinsa, kuma ba a rufe mata ƙofa ba, bincike ake yi. A binciki namiji haka nan. Wanda ya yi shekara ashirin yana ciyar da 'yan ƙasa shida ba don takarda ya yi ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

Takardar aure ta ci mana mako biyu. Limamin da ya ɗaura ya rasu, Allah ya jiƙansa. Kawuna da ya yi mini walicci yana nan, da ɗaya daga cikin shaidu. Kwamitin masallaci ya binciko tsohon littafin ɗaurin aure, wani mai baƙin bango da gara ta fara ci, aka samu layinmu da ajami: sunana, sunansa, sadaki, ranar Juma'a. Na daɗe ina kallon layin nan. Suka rubuta mana takarda da hatimi, muka je kotu Kawu ya yi rantsuwa aka buga tambari.

Wata abokiyar aikina ta ce mu tafi rajista a Ikoyi a sake ɗaurawa, takardar can ba mai ja da ita. Barista ta ce mu san abin da za mu shiga tukuna: auren rajista dokarsa mace ɗaya ce, rabuwarsa sai babbar kotu, kuma yana iya taɓa maganar gado. Ba zan ɓoye ba, zancen mace ɗayan ya ɗan zauna mini a zuciya dare guda. Da safe na ga bai dace in ɗaure mutum da igiyar da ba ta addininmu ba a daidai lokacin da yake neman taimakona. Mun tsaya a kan takardar masallaci da rantsuwar kotu.

Asabar, 3 ga Mayu

Tun ranar 1 ga wata sabon tsarin biza ta intanet ya fara aiki, an kuma sanar da tarar dala 15 a kowace rana ga baƙon da ya zarce wa'adin bizarsa, bayan wani lokaci na afuwa. Labari ya shiga kasuwa ya canza kama. Wasu na cewa duk ɗan Nijar sai ya yi katin zama na CERPAC, wanda Turawa da 'yan Sin masu aiki a kamfanoni ke biya da dala. 'Yan cuwa-cuwa suka samu kasuwa.

Ɗaya ya bi maigida har rumfa, ya ce ya kawo dubu ɗari uku, cikin mako guda zai fito masa da takardar asalin wata ƙaramar hukuma a Arewa da fasfo kore, ba wanda zai sani. Mutane da yawa haka suka yi, kowa ya sani. Maigida ya zo mini da maganar da dare, kuma na ga ta shige shi. Na ce, "Baban yara, in ka yi haka ka ce uwarka ba uwarka ba ce, garinku ba garinku ba ne. Ga yatsunka a kwamfutar banki da sunan ɗan Nijar. Ranar da aka haɗa biyun, ba kai kaɗai za ta ci ba, har fasfon yara sai an tuhuma." Ya yi shiru can ya ce a bar maganar.

Talata, 20 ga Mayu

Kwana uku muna zirga-zirga a wani ofishi kan sabunta katin zamansa. Matsalar suna ce. Takardun Nijar da rubutun Faransanci suke, inda muke sa "u" su "ou" suke sawa, sunan uba ma harafi biyu ya bambanta da na banki. Ranar haihuwa kuma, tsohon katinsa cewa ya yi an haife shi wajajen 1980, ba wata ba rana. Fasfo ya sa 1 ga Janairu. Wanda ya cika masa fom ɗin banki shekarun baya ya ƙirƙiro masa wata rana a watan Yuni. Mutum ɗaya, haihuwa uku.

Rana ta biyu mun zauna a benci tun ƙarfe takwas har la'asar, aka ce mai sa hannu ya fita. Wata ma'aikaciya Bayarabiya ta ga na fito da abin sallah ina neman wuri, ta kai ni ɗakinsu, ta kuma rubuta mini a 'yar takarda abin da za mu gyara bi da bi: rantsuwar kotu kan suna, sanarwa a jarida, sannan gyara a banki. Da ba don ita ba da har yau muna zagaye.

Haraji ma mun fara. Shekara da shekaru yana biyan kuɗin rumfa da na ƙungiya da na shara, amma bai taɓa buɗe fayil ɗin haraji da sunansa ba, kuma takardar shaidar biyan haraji tana cikin jerin da Barista ta ba mu.

Asabar, 14 ga Yuni

Ban yi barci jiya ba, don murna.

Bayan Babbar Sallah mun kira Inna, mahaifiyarsa, don maganar takardar haihuwa. Tunda ba a yi masa rajista yana jariri ba, sai kotu a can ta yi masa hukuncin da ke zama madadinta, wanda suke kira jijman, da shaidu biyu. Ina tambayarta sunayen iyaye don in rubuta daidai, sai ta ce, "Ai gyatumata ba 'yar nan ba ce, 'yar ƙasarku ce. Daga wani ƙauye na yankin Jibiya aka kawo ta aure."

Na ce, "Inna, sake faɗi."

Ta yi dariya ta ce mene ne abin mamaki, rabin Maraɗi ai Katsina ce. Gaskiyarta. Sarakunan Katsina da suka bar birni bayan jihadi su suka kafa sarautar Maraɗi, har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkinsu. Iyakar daga baya ta zo ta ratsa tsakiyar dangi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne layi na biyu na sashe na 26, wanda na wuce shi a ofishin Barista saboda haushin layin farko: baligin da aka haifa a wajen Najeriya, wanda ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma yana iya yin rajista. Na kira Barista tun kafin ta karya. Ta ce in kwantar da hankali. Sai an tabbatar a ina aka haifi tsohuwar, ko ta kai 1 ga Oktoba, 1960 da rai, da kuma takardar da ke haɗa ta da Inna, ta haɗa Inna da shi. Ta ƙara da cewa in kakar ta tabbata 'yar ƙasa, to maganar Inna kanta sai an duba, don wanda aka haifa a waje ga uwa 'yar Najeriya yana da nasa matsayi a sashe na 25.

Shekara ashirin ina gaida matar nan, ban taɓa tambayarta garin uwarta ba.

Asabar, 19 ga Yuli

Ya tafi jiya. Legas zuwa Katsina, Katsina zuwa Jibiya, ya ƙetara ta Magama da Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Hanyar Jibiya ba ta da daɗin ji a 'yan shekarun nan saboda 'yan bindiga, na roƙe shi kada ya bi ta da yamma. Na ɗinke masa kwafin takardu cikin leda a aljihun ciki na rigarsa, na ainihin suna wurina sai waɗanda dole ya nuna.

Asabar, 23 ga Agusta

Ya dawo ranar Laraba, ya rame, ya yi baƙi, amma da kaya a hannu.

Jijman ya fito. Sai mun kai an fassara shi zuwa Turanci wurin mai fassarar da hukuma ta yarda da shi.

Ƙauyen kakar kuwa, rabinsa ya tashi. Mutanen sun koma cikin garin Jibiya, wasu sun ƙetara Nijar gudun hijira. A wani gidan haya ya samu dagacin. Da ya faɗi sunan tsohuwar da na mahaifinta, dagaci bai san su ba, ya aika aka ɗauko wani dattijo makaho a kan babur. Dattijon ya riƙe hannun maigida, ya shafa fuskarsa, ya jero masa gidansu kakar tun daga kakanta, har da sunan rijiyar da ke bayan gidan da shekarar da aka kai ta, ya ce shekarar da aka yi fara ce. Ya ce ta zo ganin gida sau biyu bayan Turawa sun tafi. Maigida ya ce a nan ya kasa riƙe hawaye. Yana ba ni labari ma sai da ya juya fuska.

Dagaci ya rubuta takarda, hakimi ya sa hannu. Ta ƙaramar hukuma ba ta fito ba, sun ce a dawo. Ɗan ƙanen kakar, wanda bai san da shi ba sai a wannan tafiya, ya ɗauki alkawarin bibiya. Yanzu kullum sai sun yi waya.

Talata, 16 ga Satumba

Barista ta baje komai a tebur ta duba. Shawararta: mu kama biyu. A fara shigar da neman matsayi na musamman ta dalilin aure, tunda takardunsa sun kusa cika, don zamansa ya tabbata ko me ya faru tsakanin ECOWAS da ƙasashen Sahel. Fayil ɗin rajista ta wajen kaka kuma a ci gaba da gina shi a hankali, kada a kai shi da rami.

Ya tambaye ta abin da ke cin ransa: in ya samu, sai ya saki Nijar? Ta buɗe sashe na 28. Wanda ake nema ya ajiye wata ƙasa shi ne wanda ba ta haihuwa ya same ta ba. Shi ɗan Nijar ne ta haihuwa, don haka tasa tana nan. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ashe tun Fabrairu yake ɗauke da wannan, yana tunanin yadda zai gaya wa Inna.

Ta gargaɗe mu kan lokaci. Fayil sai ya bi ta jami'an tsaro da kwamitin da ke tantancewa kafin ya kai sama, kuma a jumlace ake bayarwa, ba kullum ba. A Satumban 2022 marigayi Buhari ya miƙa wa mutum 286 takardar zama 'yan ƙasa a Abuja, 'yan Labanan suka fi yawa a cikinsu. Na tambaye ta ko ta taɓa yi wa mai sayar da albasa irin wannan aiki. Ta ce mu ne na farko. Mutanenmu ba sa nema, wasu don ba su san akwai hanyar ba, wasu don ta ɗan cuwa-cuwa ta fi sauri.

Alhamis, 9 ga Oktoba

An shigar da na farkon ta shafin ma'aikatar a intanet. Babbar 'yarmu ce ta zauna da kwamfutar Barista tana ɗora takardun ɗaya bayan ɗaya, hoton mahaifinta ya ƙi hawa sai da aka rage girmansa sau uku. Mun biya ta banki, na manna rasit ɗin a bangon wannan littafi tare da lambar fayil.

Masu tsaya masa biyu sun sa hannu, Kawu da shugaban 'yan albasa na layinsu. Saura takardar ƙaramar hukuma daga Jibiya, da shaidar haraji ta bana, da fassarar jijman da aka ce mu karɓa ranar Litinin.

Da yamma matar Baba ta aiko jikarta ta kira ni. Na tarar da mata huɗu a tsakar gidan, kowace da leda a cinya. Ɗaya mijinta ɗan Damagaram ne, ɗaya ɗan Chadi, biyu kuma su da mazansu duk 'yan Nijar ne, 'ya'yansu sun kai munzalin neman fasfo. Mun sa ranar Asabar bayan la'asar. Na ce kowace ta kira gida kafin nan ta tambayo garin da aka haifi kakanninta huɗu da na mijinta, ta rubuto mini.